Hantsa Mai Yatsu Biyar

Ranar da Bara'atu ta zo hutu daga makarantar koyon aikin lafiya, tsarabar da ta miƙa wa mahaifinta kwalin safar hannu ce, irin ta roba da ake sawa a yar. Ta ce ya riƙa sawa in zai yi feshin maganin ciyawa. Malam Isyaku ya dubi tafinsa da fartanya ta gama yi wa kanta, ya ce hannunsa bai taɓa sa riga ba, ba kuma da furfura zai fara ba. Ta ƙara da hana shi goro saboda hawan jini. A nan sai ya ɗaure fuska.

Tana komawa Kano kwalin nan ya shiga uku. Jikoki ne suka gano cewa in an hura abin yana kumbura ya fito da zanko, sai suka zana masa ido da biro, suka cika tsakar gida da zakarun roba. Zakaran gidan na gaskiya ya yi zuciya ya kai wa ɗaya sara, ƙarar fashewar ta sa ya wuni a kan danga. Matan unguwa suka ce zunguru ya huta: a cusa lalle, a zura hannu, a ci gaba da hira. Sama'ilu maƙwabcinsu kuwa mutum-mutumin gonarsa ya sanya wa, iska na kaɗawa yana ɗaga wa jama'a hannu, har wata tsohuwa mai zuwa kasuwar Bagwai ta tsaya ta amsa, ta tambaye shi ya damina. Duk wannan Malam Isyaku na gefe yana tsaki, yana cewa shirme ne. Kafin gero ya fitar da kai, kwali ya zama fanko.

A cikin haka ne Kyalla, akuyar matarsa Kulu, ta haifi 'ya mace. Ba a jima ba uwar ta ci wani abu a bayan gari, ciki ya kumbura, da ƙyar aka samu aka yanka ta.

Ba akuyar kaɗai Kulu ta yi wa kuka ba. Lokacin da aka kawo ta gidan nan, mahaifiyarta ce ta haɗa ta da 'yar akuya guda, kuma duk awakin da suka taɓa tsayawa a turkenta daga tsatson waccan suka fito. Inna ta daɗe da rasuwa, cutar bara ta share garken, yanzu saura wannan 'yar mitsitsiyar da ko tsayuwa ba ta iya yi sosai. In ta tafi, kyautar Inna ta ƙare ke nan.

Aka kai ta ga akuyar Aina'u matar Sama'ilu, akuyar ta shinshina ta, ta kai mata tunkuyi. Aka tatso nonon aka gwada da cokali, ta shaƙe. Zuwa la'asar ta daina kuka ma, ta kwantar da wuya a kan buhu.

Aina'u ta ce, "Da akwai ragowar safar nan da mun ɗura mata a ciki. Ai kamar hantsa take."

Aka zazzage kwali, ba komai. Na lalle sun yi jawur, na gonar Sama'ilu rana ta dafa su, ana taɓawa suna yagewa.

Malam Isyaku yana tsaye a bakin rumbu, hannunsa dafe da aljihu. Akwai guda ɗaya, kuma shi kaɗai ya san inda take. Tun makon farko ya lura ba abin da ke riƙe danshin goro kamar abin nan da yake kira shirme. Fito da ita tonon asiri ne har biyu. Ya dubi Kulu, ta tsuguna tana shafa kunnen 'yar akuyar, tana kiranta da irin muryar da take lallashin jikoki. Tausayi ya kama shi har ya fi kunyar ƙarfi.

Ya zaro safar. Ta fito da ƙullutu a kowane yatsa, ya zazzage gutsattsarin goro a faifai.

Sai Aina'u ta toshe baki da mayafi ta juya baya, kafaɗunta na rawa.

Kulu ta ce, "Malam! Ashe hannun ne bai sa riga ba, goron ya sa?"

Ya ce, "Ke dai kawo allura."

Aka wanke ta tas, aka ɗura nono mai ɗumi, aka huda yatsa guda. 'Yar akuyar ta kau da kai, don ita a ƙarƙashin ciki ta san ana samun abinci. Malam Isyaku, dattijo guda mai jikoki, ya naɗe riga ya durƙusa, ya maƙale safar a hammata. Ta shinshina, ta laluba, ta cafke. Can sai jela ta fara kaɗawa, har da kai masa 'yar tunkuyi a haƙarƙari, wai ya sako da yawa.

Tun daga ranar ba ta yarda da kowa sai shi. Gona tana biye, majalisa tana biye, in ya shiga masallaci ta kwanta a kan takalminsa. Sama'ilu kullum sai ya gaishe shi da, "Ya mai jego?"

Amma a yammacin nan na farko, da cikin 'yar akuyar ya cika ta yi barci a cinyarsa, Kulu ta jawo faifan goron. Ya zaci bola za ta kai. Ta zaɓi mafi kyau ta miƙa masa, idonta jiƙe, bakinta da dariya.

Ta ce, "Yau kaɗai. Wannan tukuicin Inna ne."