Rigar Mai Zuma

Tun muna da sauran ƙuruciya nake faɗa da mijina a kan ƙudan zuma. Amyoyi ya jera a bayan gida, jikin katanga, ni kuwa ko shanya zan yi sai na yi sanɗa kamar ɓarauniya a cikin gidana. Nakan ce masa, "Baban Auta, wai ni ka aura ko su?" Sai ya ce ai su ba su da mita.

Shi fa ya yarda sun san shi. Ba ya sa safar hannu, ba ya rufe fuska. Wata tsohuwar riga ce da shi ruwan ƙasa, ta sha hayaƙi da gumi da danƙon saƙa har ta yi tauri, kuma ya hana kowa wanke ta. Da ita yake buɗe amya, su lulluɓe masa hannu yana yi musu magana ƙasa-ƙasa.

'Yarmu Auta malamar kimiyya ce a sakandare, bakinta irin nawa. Takan ce, "Baba, ƙwaro ne fa. Kansa bai kai ƙwayar shinkafa ba, ina zai sa sanin mutum?"

Shi kuma ya ce, "To wa yake nuna musu hanyar gida?"

Kullum bayan Auta nake bi, don in ba shi haushi.

Ciwon da ya ɗauke shi bai ba mu lokaci ba. Da masu gaisuwa suka watse, maƙwabta suka ce in rabu da amyoyin, ba aikin mace mai shekaruna ba ne. Ni da na fi kowa tsanar ƙwarin nan, ni ce na ce ba inda za su.

Wata safiya na ciro rigar daga ƙusar bayan ƙofa na sa. Warinsa ya buge ni har sai da na dafa bango. Na fita bayan gida, na ɗaga murfin amya yadda na saba hangensa yana yi. Suka taso, suka sauka a kafaɗata da hannuna, ko ɗaya bai harbe ni ba. Wani ya dinga tafiya a bayan hannuna a hankali, yana tsayawa yana taɓa ni.

Na ce, "Ba shi ba ne. Ya tafi."

Daga nan kullum da safe can nake, cikin rigar. A wurinsu kaɗai nake kuka ba mai ce mini in yi haƙuri. Na sa a raina mu ne muka yi rashi, ni da su.

Auta ta zo hutu, ta ga gidan ya koma wani iri, ta zage da shara da goge-goge. Ranar da na je asibiti awon hawan jini, na dawo na tarar da rigar a kan igiya, ta yi fes, sai ƙamshin sabulu take. Na buɗe baki zan zazzaga masifa, sai na ga tana murmushi, yatsunta duk sun saɓule da cuɗa. Na haɗiye. Na kai wuyan rigar hancina, na juya aljihunan, na shinshina ko'ina. Babu shi.

Duk da haka washegari na sa ta na fita. Ko murfin ban gama ɗagawa ba suka yo kaina. Wuya, kunne, fatar ido, ba inda suka bari. Auta ce ta janyo ni ɗaki ta rufe ƙofa, ta tuɓe mini rigar ta yar.

Ta zaunar da ni bakin gado tana cire mini ƙarin da suka bari a fatata da gefen cokali. Can ta ce, murya a sanyaye, "Mama, don Allah ki daina zuwa wurinsu. Ba Baba suka sani ba, ba ke suka sani ba. Warin rigar kawai suke bi."

Idona ya kumbura, da ƙyar nake ganinta.

Na ce, "To ni me kike tsammani nake bi?"

Cokalin ya tsaya a hannunta. Ta juya ta dubi rigar da ke yashe a ƙasa, ta daɗe tana dubanta, sannan ta ɗauka ta kai hancinta.