Rabon Wuta a Ranar Barewa

Me zai sa mutumin da bai taɓa hana kowa nama ba ya hana garinsu wutar minti goma? Har yau ba wanda ya san amsar, watakila har shi Joanasie.

Da hantsi ya shigo da manyan barewa uku na ƙasarsu mai tsananin sanyi a bayan babur ɗinsa mai tafiya a kan ƙanƙara, ya kira gidan rediyon ƙauye kamar kullum: mai so ya zo da roba. Kafin azahar kowane gida ya ɗora tukunya.

Sai ga jikarsa Malaya, mai kula da injin wutar gari, da gudu.

“Kaka, ka kusa kashe mana inji! Ɗaya ya lalace, ɗaya ya rage, kai kuma ka sa murhun lantarki sittin sun kama a tare.”

“To a ci ɗanye mana, kamar mutanen kirki. Ku 'yan zamani haƙoranku na ado ne.”

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙa masa wayarta. Gidajen garin ne a jere a fuskar wayar, kowanne ɗigon haske ɗaya. Wannan ya dushe, can ya dawo, na kusa da shi ya dushe. Ɗan akwatin da ta liƙa a bangon kowane gida ne ke kashe na'urar dafa ruwan zafi na minti goma, bi da bi, don injin ya numfasa. Gidansa kaɗai ba ya cikin layin. Sau uku ya kore ta: ba na'urar da za ta yi masa iko a ɗakinsa.

“Wannan da ba ya dushewa fa?”

“Asibiti. Matarka ce a kwalbar jarirai. Jirgin saman da zai ɗauke ta bai samu sauka ba.”

Jaririyar bakwaini ce, an sa mata sunan marigayiyar matarsa Ooleepeeka, don haka a al'adarsu ita ma matarsa ce, haka yake kiranta.

Ya daɗe yana kallon ɗige-ɗigen nan suna miƙa wa juna wuta, ba mai gardama, ba mai cewa nasa ya yi kaɗan. Shekara hamsin yana rabon nama, bai taɓa yin rabo ba wani bai yi ƙorafi ba.

“Wa ya koya wa akwatin nan rabo?”

“Ni.”

Ya goge wuƙarsa a wando, ya shiga ciki, ya sauke hoton Ooleepeeka daga bangon da ke kusa da mitar wuta.

“Nan za ki sa akwatin. Ki fara da ni.”