Maɓallin Rigar Yaya

Tun da Yaya ya faɗo daga saman ginin da yake wa rufi, kansa ya bugu, gidanmu ya mayar da shi jariri. Umma ke ba shi abinci a baki, matarsa ke sa masa riga. Kafintan da ke cika baki da ƙusa yana ba da labari a saman tsani, yau ko gumi ba a barinsa ya share.

Likitar da ke duba hannunsa na dama ta faɗa a gabanmu: ƙwaƙwalwar da ta ji rauni takan yi sabon tsiro, ta fitar da sababbin hanyoyi, amma sai an sa ta aiki, kuma watannin farko sun fi albarka. Idan aka bar hannun ya kwanta, yana iya kwantawa ke nan. Kowa ya gyaɗa kai. Muka dawo gida aka ɗora daga inda aka tsaya.

Ran nan da safe na tarar da matarsa durƙushe tana ɓalla masa maɓallan riga. Na riƙe hannunta.

"Anti, ki bar shi ya yi da kansa."

"Auta, hannun rawa yake yi fa."

"Ya yi ta yi! Ku da tausayinku za ku gama abin da faɗuwa ba ta gama ba."

Umma ta leƙo daga kicin. "Sannu, babbar likita. Jarabawa nawa kika ci?"

"Umma, hannun da ke ciyar da gidan nan ne muke kashewa, muna murmushi."

Ta ajiye ludayin, muryarta ta sauka. "Ke ba ki gan shi ranar da aka kwaso shi ba. Ni na gani. Na ce muddin ina numfashi, yaron nan ya gama shan wahala."

Na saki hannun Anti.

Muna cikin haka, ashe Yaya ya kama maɓallin. Ya suɓuce. Ya sake kamawa, ya sake suɓucewa. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa. Umma ta juya mana baya tana murza bakin zaninta. Shayinsa ya huce a kan tebur, ba wanda ya motsa.

Can maɓallin ya shiga, amma a kafar da ba tasa ba. Rigar ta karkace, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

"Aikin... sabon yaron shago," in ji Yaya, a hankali, rabin bakinsa na dariya.

Matarsa ta miƙa hannu za ta gyara. Umma ce ta tare ta, hawaye na bin kuncinta.

"Bar masa kayansa, 'yar nan. Saura huɗu."