Ƙasar da Ke Gindin Buhu

Duk unguwar da ke bayan kasuwar Anka an san Rufaida da abu ɗaya: ba ta zubar da komai. Ruwan wankin shinkafa yana da inda take kai shi, ɓawon albasa yana da nasa wurin, tokar murhu ma ba ta tsira ba. Maƙwabta suna tsokanarta wai ko ƙuda ne ya faɗa mata a kunu, sai ta matse shi kafin ta jefar. Ita dariya kawai take yi, don ta san abin da ya koya mata wannan hali. Mijinta Hafizu facin taya yake yi a bakin titi, sana'ar da sai ran da Allah ya kawo ƙusa. Ran da aka samu a ci da mai, ran da ba a samu ba kuwa abin da zai ajiye na cefane ko tattasai ba ya kaiwa, balle tumatir da ya zama kayan gabas. Miyar kuka suka yi ta sha, safe da yamma, har ɗansu Salim, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, ya koyi kau da kai in ya hango koren abu a kwano.

Rufaida 'yar Gummi ce, kuma mahaifinta mai lambu ne a fadama, a cikin fangalin albasa ta yi wayo. Abin ya riƙa cin ranta, a ce ita ce yau take roƙon mai kayan miya ya yi mata gyara da ganyen alayyafo. Sai dai gidan haya suke, mai gidan kuma ya gindaya musu sharaɗi tun ranar farko, kada a haƙa masa tsakar gida. Ta kwana biyu tana juya abin, sannan ta ce wa Hafizu ya nemo mata tsofaffin buhuna, in ba a haƙa ƙasa ba ai ana iya kawo ta. Ya yi mata kallon mai taɓin hankali, amma bai musa ba. Bayan 'yan kwanaki ya shigo da ƙunshin buhuna a kai yana washe baki, ya ce wani direba da ya yi wa faci ne ya ba shi kyauta, suna ta tare masa wuri a bayan mota.

Da ta kwance su, sai ta tarar da wata ƙasa a gindin kowanne, mai launin toka-toka, laushi kamar garin tuwo, ga nauyi a hannu. Wata matar da sai ta kakkaɓe a bola. Rufaida fa? Ina! Ta kakkaɓe su ɗaya bayan ɗaya a tsakar gida, ta share ta tara a babban baho, tana cewa irin wannan ƙasa mai laushi ko a fadamar Gummi sai an tona. Ta haɗa ta da ƙasar bayan gari da takin shanu, wanda Hawwa'u mai tallar nono take kawo mata daga ruga tana karɓar dusa a madadinsa. Ta cika buhunan, ta huda musu gindi, ta jera su a jikin katanga. Sauran da ba ta cika ba ta naɗe ta cusa a bayan randa, saboda gaba.

Wallahi lambu ya yi kyau. Alayyafo ya yi ganye kamar tafin hannu, yakuwa ta yi ja, kuɓewa ta fara fure, tarugu ya yi 'ya'ya har reshe na lanƙwasa. Ruwan alwala da na wanke hatsi kawai take ba su. Miyar gidan ta canza, fuskar Hafizu ma ta canza, kuɗin da da ake kai wa mai kayan miya ya koma sabulu da man gyaɗa. Matan unguwa suka fara leƙowa, masu tsokanar nan su ne yanzu ke cewa a ɗan tsinko musu. Rufaida ba ta taɓa jin daɗin zaman Anka irin na wannan lokaci ba, kuma babu abin da take so a gidan, in ka cire mijinta da ɗanta, kamar buhunan nan.

Ana cikin haka aka aiko cewa Inna Dija, mahaifiyar Hafizu, tana tafe daga Bagega. Tsakanin Rufaida da surukarta babu faɗa, amma babu sakewa. Inna mace ce mai tsantseni har ya yi yawa. Ba a shiga ɗakinta da takalmi, ba a ba yaro abinci sai an wanke masa hannu har gwiwar hannu, in ta ga yaro zaune a ƙasa sai ta ɗauke shi kamar ya zauna a kan garwashi. Rufaida ta daɗe da yanke hukunci a ranta cewa tsohuwar tana ganin ƙazama ce aka auro wa ɗanta. Don haka ta ƙudura wannan karon sai Inna ta yaba mata ko ba ta so. Ta yi miyar alayyafo da gyaɗa, ta share gida fes, ta ɗaure kuɓewar da ta kwanta.

Inna ta iso da hantsi. Rufaida ta durƙusa ta gaishe ta, ta kawo ruwa, sannan ta ja ta zuwa jikin katanga kamar ba da gangan ba. Tsohuwar ta tsaya tana kallo, har bakinta ya fara motsi kamar za ta yi murmushi. Can ta hango Salim a tsugune a gindin buhun yakuwa, ya tura yatsa a hudar da ruwa ke fita, yana ƙwaƙulo ƙasa yana kaiwa baki.

"Kai angona, mi kake ci haka ba ka sam mini ba?" in ji Inna, ta sunkuya ta ɗauke shi.

Ta buɗe masa hannu za ta goge, sai ta tsaya. Ta murza abin da ke tafinsa tsakanin yatsunta, ta dubi buhun, ta shafa jikinsa inda ya ɗan yayyage ta ciki, irin yagewar da hatsi ba ya yi wa buhu. Ta tambaya ko akwai sauran buhunan. Rufaida ta ɗauko na bayan randa. Inna ta juya ɗaya ciki waje, ƙurar nan mai launin toka ta zubo mata a ƙafa.

"Ɗiyata, ina kunka samo buhunan ga?"

Rufaida ta faɗa mata, har da yadda ta tara ƙasar ta haɗa da taki, tana faɗa da ɗan alfahari. Inna ta kai Salim bakin randa ta wanke masa hannu da baki, ta sake wankewa, ta goya shi a bayanta ta ɗaure tam. Sannan ta ce kada kowa ya taɓa miyar da ke kan murhu, kuma duk abin da ke cikin buhunan nan sai an tumɓuke shi yau, a fitar da shi daga gidan.

Ran Rufaida ya ɓaci ƙwarai. Wato duk wahalar nan, ɗaukar ƙasa a kai, tsintar tsutsa da hannu, tashi da sassafe, sakayyarta ke nan? Ba ta taɓa mayar wa Inna magana ba, amma ranar ta ce, idonta a ƙasa: "Inna, in wani laifi na yi miki, ki faɗa mini. Lambun nan shi ne miyarmu."

Inna ta zauna a kan tabarma da yaron a bayanta, ta aika a kira Hafizu daga bakin titi. Da ya zo, ta yi musu bayani a hankali. Buhunan nan na dutsen zinariya ne, wanda ake ɗaukowa daga rami a kai wurin niƙa, ƙurar kuwa ta dutsen ce, kuma a irinta gubar dalma take zama. Ta ce shekarun baya, lokacin da zinariya ta buɗe a Bagega da Abare, a cikin gidaje ake dakan dutsen, mata na daka, yara na rarrafe a gefe suna cin ƙasa kamar kowane yaro. Babu wanda ya san komai sai da yara suka fara shiɗewa. Hafizu a lokacin yana Bukkuyum wurin kawunsa yana karatu, labari kawai ya ji, bai taɓa riƙe ƙurar a hannu ba. Ita kuwa ta riƙe. Autanta, wanda tun rasuwarsa ba ta sake kiran sunansa ba, bai wuce Salim ba a lokacin.

Rufaida ta san Hafizu ya yi ƙane da ya rasu yana ƙarami, amma an ce mata zazzaɓi ne, ita kuma ba ta bincika ba. Ta dubi ƙafafun ɗanta da ke lilo a ƙugun Inna, ta tuna sau nawa ta gan shi a gindin buhunan tana dariya, tana cewa jinin mai lambu ne. Ta tuna kuma duk wanke-hannun nan da take gani a matsayin raini, kunya ta lulluɓe ta.

Ba ta jira kowa ba. Ta ɗaure zani, ta nufi katanga, ta kama alayyafon da ya fi kowanne kyau ta tumɓuke. Da ta zo kan kuɓewa hannunta ya tsaya, don akwai 'ya'yan da ta bari su ƙosa saboda iri, ta juyo ta dubi Inna. Tsohuwar ta girgiza kai. Rufaida ta tumɓuke tana hawaye, wannan ne karo na farko a rayuwarta da ta zubar da abinci da hannunta. Hafizu ya ari kurar ɗaukar kaya, suka yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, suka loda buhunan da miyar da komai. Mai gidan da ya hana haƙa, da ya ji dalili, shi da kansa ya kawo fartanya aka kankare saman tsakar gidan. Aka kai can bayan gari inda ba a noma, aka haƙa rami mai zurfi aka binne.

Washegari suka kai Salim asibiti aka ɗibi jininsa. Kwanakin jiran sakamako sun yi wa Rufaida tsawo. Ko tari yaron ya yi sai gabanta ya faɗi, in ya yi barci ya daɗe sai ta je ta taɓa shi. Inna ta fasa komawa Bagega, ta ce sai ta ji da kunnenta. Aka koma miyar kuka, kuma babu wanda ya yi ƙorafi.

Ran da suka koma, ma'aikaciyar ta ce an ga alamar dalma a jininsa, amma kaɗan ce, an yi sa'a an tare abin da wuri. Ta ce a kula da tsabta, a ba shi abinci mai kyau, musamman ganye da wake, a dawo da shi a sake dubawa. Rufaida ta yi hamdala har ba ta san adadi ba. A bakin ƙofar asibitin ta durƙusa wa Inna a gaban mutane, ta roƙe ta gafara, ta yi mata godiya, ta ce Allah ya saka da Aljanna. Inna ta ce ta tashi, mutane na kallo. Sai da suka kama hanya Rufaida ta tuna an ce ganye, ga shi katangarta ta zama fayau, ko tsinke babu.

Da safe ta fito ba ta ga Inna ba. Sai wajen hantsi ta ji sallama, ga Hawwa'u mai nono a gaba da ƙwarya, ga Inna a baya da baho a kai, tana haki, zufa ta jiƙa mata kallabi. Ashe tsohuwar ta bi Hawwa'u har ruga, ta zaɓi wurin da shanu suka daɗe suna kwana, ta ɗebo ƙasar da hannunta. Buhunan da suka riƙo kuwa na gero ne, Inna ta juya kowanne ciki waje a gaban Rufaida, ƙaiƙayi ya zubo. Ta kwance bakin zaninta ta fito da ƙullin irin alayyafo da yakuwa da ta roƙo wurin matan rugar.

"Ni ban iya shuka ba," in ji ta. "Ke kin iya. Ni ƙasa kawai na sani."

Suka cika buhunan tare, wannan karon aka ɗora su a kan bulo, aka kewaye da kara don kada Salim ya kai hannu. Inna ta yi ta cewa gobe za ta tafi, goben ba ta zo ba, har alayyafo ya isa tsinka. Rufaida ta yi miya da gyaɗa irin wadda aka zubar, ta zuba a ƙaramin kwano ta miƙa wa surukarta, ta ce ita ya kamata ta fara ba yaron.

Inna ta wanke wa Salim hannu har gwiwar hannu, ta zaunar da shi a cinyarta. Ta gutsuro tuwo ta dangwala, yaron ya ga kore ya kau da kai kamar yadda ya saba. Ta yi masa wasa, ta ce wane irin ango ne wannan da ke ƙin girkin amarya, ya buɗe baki ya karɓa, ya haɗiye, ya sake buɗewa. Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa yana ci. Sannan ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"Autan nawa, Nuraddeen sunansa. Shi ma haka yake buɗe baki."

Rufaida ta matso kusa da ita a kan tabarmar, ta ɗauki kwanon ta riƙe mata, Inna ta ci gaba da ba yaron.