Shuɗin Akwatin Lauwali

Ana haska hoton a jikin bango Malam Yusha'u ya gane akwatin. Shuɗi ne na ƙarfe, murfinsa a lotse ta gefen hagu tun ranar da wata tifa ta ja baya ta taka shi a wajen aikin dam ɗin Goronyo, lokacin yana saurayi. Mariƙinsa kuwa wayar birki ce da shi da kansa ya naɗe. Shekara talatin da 'yan kai yana jan akwatin nan, har ciwon baya ya hana shi shiga ƙarƙashin mota, ya miƙa wa Lauwali, ɗan yayarsa marigayiya. To ga shi yau ɗaure a bayan babur, babur ɗin ma na Lauwali, amma wanda ya dafa shi yana murmushi a hoton Khalid ne, ɗan Alhaji Abdulƙadir, cikin rigar kanikanci sabuwa fil, ko ɗigon baƙin mai babu.

Malam Yusha'u ya gyara zama, kujerar roba ta yi ƙara. Ya cire hula, ya mayar.

Wasu masu zuba jari ne daga birni suka zo Wurno neman mutum ɗaya, daga nan ko Rabah ko Goronyo, da za su sa hannu a sana'arsa ta bin motoci inda suka mutu a gyara su a wurin. Wanda ya yi nasara za a ba shi akori-kura ɗauke da kayan aiki. Alƙalai uku aka zaunar a dogon tebur: Hajiya Mahbuba, wakiliyar masu jarin, wani ma'aikacin banki mai suna Ja'afar, wanda tun safe wayarsa yake latsawa, sai shi Malam Yusha'u, da ƙungiyar direbobi ta ba da sunansa saboda an ce ana son wanda ya san kukan inji.

Khalid ya iya baki, a nan kam ba a ƙwace masa ba. Yana zuba Turanci yana yayyafa Hausa. Ya ce shekararsa biyu yana wannan aiki da babur ɗin da suke gani. Ya ce motoci sun fi mutuwa ranakun kasuwa, don direbobi na lodi fiye da ƙima. Ya ce da kakar albasa sifirin ɗin ƙarƙashin mota ne ke yawan karyewa, in kuma motoci sun yi sauƙi sai a koma kan injinan ban ruwa na masu noman rani. Hajiya Mahbuba tana ta rubutu tana gyaɗa kai. Kuma gaskiya ne, duk abin da ya faɗa game da aikin haka yake. Malam Yusha'u ya sha jin kowace kalma daga bakin Lauwali, a zaure, yana wanke hannu da kananzir.

"Malam, ko kana da tambaya?" in ji Hajiya.

Ya yi gyaran murya. "Khalid, mota ta mace maka bisa hanya. Sitata na juyawa, inji bai tashi. Mi za ka fara dubawa?"

"Baba, ai zamanin lalube ya wuce," Khalid ya ce yana murmushi. "Na'ura za mu jona, ita za ta faɗa mana ciwon."

Zauren ya ɗauki tafi. Wanda ya fara tafin yana layin gaba cikin farar shadda, Alhaji Abdulƙadir. Da safe, kafin a zauna, ya riƙe hannun Malam Yusha'u ya daɗe bai saki ba, bai kuma ce komai game da ɗansa ba. Cewa kawai ya yi, "Yaya albasarmu? An ce bana ta yi kyau." Fadamar da Malam Yusha'u ke nomawa ƙasa da dam ta Alhaji ce, aro ya ba shi shekara shida ke nan, babu takarda babu shaida. Da ita yake ci da gidansa, shi da matarsa Larai da jikoki uku. Saura wata guda a cire albasa.

* * *

Da aka tashi sallar azahar Malam Yusha'u ya iske Lauwali a gindin dogonyaro yana goge babur da tsumma. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, amma yau ya sa rigar sallarsa, ta matse shi a kafaɗa, sai ya koma kamar wanda za a kai gaisuwar surukai.

"Kawu, ya ake ciki? An ce bayan sallah ni za a kira."

"Kai, wa kab ba aron mashin ɗin ga?"

"Khalid na. Watan jiya, wuni guda. Ya ce hoto za su ɗauka na sana'o'in matasa." Lauwali ya ci gaba da gugarsa. "Hajiyassu ta aiko wajen maiɗakina. Katanga guda muke, Kawu. Ƙaƙa za ni hana?"

Yaya kuwa zai hana? A garinsu, Rimawa, ba a hana aro. Tukunyar biki, tabarmar zaman makoki, jakin kai taki, har rigar zuwa ɗaurin aure, duk yawo suke gida-gida, wanda ya ce a'a kuma shi ne abin nunawa da baki. Malam Yusha'u ya buɗe baki zai faɗa masa abin da ya gani a bango, sai ya hango Alhaji yana alwala can gefe, yana kallonsu ta ƙasan ido. Ya fasa.

"Ka bar mashin ɗin waje in an kira ka," ya ce a hankali.

Lauwali ya yi dariya. "In na bar shi waje mi za ni gwada musu? Ba ni da Turanci, ba ni da majigi. Shi ɗai gare ni, shi da akwatinka."

A sallar nan Malam Yusha'u bai san raka'a nawa ya yi ba, liman kawai yake bi. Zuciyarsa na can tana kai da komo tsakanin zaure da fadama. Ya ce wa kansa wataƙila Hajiya ba za ta lura ba, babura ai suna da yawa. Ya sake ce wa kansa idan ta lura zai yi magana, mene ne a ciki, gaskiya ce. Sai kuma fuskar Larai ta faɗo masa, tana lissafa masa abin da za su yi in albasa ta fito. Ya tsani kansa tun bai yi komai ba.

* * *

Lauwali ya turo babur har tsakiyar zaure, mutane suka yi ta dariya. Bai san inda zai sa hannuwansa ba, sai ya dafa akwatin. Amma da ya shiga zancen mota sai ya manta da taro. Ya ba da labarin yadda yake ɗaura galan na ruwa a gefe, don rabin motocin da ke tsayawa zafi ne kawai ya kama su. Ya ce duk wanda ya kira shi bayan la'asar shi yake fara zuwa wa ko da yana kan wani aiki, saboda yadda hanya ta lalace yanzu, ba a son magariba ta riski mutum a daji da mata da yara a mota. Ya ce abin da ke hana shi ci gaba shi ne babur ba ya ɗaukar babban jak, ba ya jan mota.

Har Ja'afar ya ajiye waya. Hajiya Mahbuba kuwa ba fuskarsa take kallo ba, lambar babur ɗin take kallo. Ta sa aka maido da hoton Khalid a bango.

"Malam Lauwali, wannan babur ɗin na waye?"

"Nawa na, Hajiya."

"To ga shi a takardun wani. Lamba ɗaya, akwati ɗaya." Muryarta babu faɗa, gajiya ce a ciki, irin ta wadda aka sha yi wa wannan wasa. "Duk garin da muka je sai an kawo mana kayan aro. Ka'idarmu a rubuce take: wanda ya nuna kayan da ba nasa ba za mu cire shi, kuma sunansa ba zai sake shiga wani shiri namu ba."

"Ara mishi niy yi," in ji Lauwali. Ya juya yana neman Khalid a cikin taro. "Khalid, hwaɗa musu mana."

Khalid ya miƙe a natse. "Hajiya, ban so a kai ga haka ba. Yana taya ni aiki ne, ni nake ba shi babur ɗin yana fita da shi. Ban san zai shigo da shi a matsayin nasa ba."

Aka tambayi Lauwali takardar babur. Na hannu ya saya a kasuwa, takardar tana ɗauke da sunan wani mutumin Illela da bai taɓa gani ba. Zauren ya kaure da surutu. Gumi ya jiƙa rigar sallar.

"To akwatin hwa?" Lauwali ya ce, fuskarsa ta ɗan saki kamar wanda ya tuna inda ya ajiye makulli. "Ga mai shi nan zaune. Kawu Yusha'u yab ba ni shi da hannunai. Ku tambaye shi."

Duk idanu suka koma kan dogon tebur. Malam Yusha'u ya ji fankar sama tana kaɗa iska mai zafi a ƙeyarsa. Bai kalli layin gaba ba, ba ya bukata. Ya san yadda Alhaji ke zama, hannu ɗaya a kan sanda, ya kuma san ba zai ɗaga murya ba ko gobe. Yaro kawai zai aiko ya ce Alhaji na son fadamarsa.

"Malam, ka san akwatin nan?" in ji Hajiya.

Ya ɗaga kai ya kalli bango, ya ƙanƙance ido, ya daɗe.

"Hajiya, idon nawa ya yi rauni," ya ce. "Akwatunan kanikawa kau duk kama suke da juna."

Lauwali bai yi gardama ba. Ya dubi kawunsa sau ɗaya, ya kama ƙahon babur, ya tura shi waje. Ƙarar biron Hajiya ce ta biyo baya, tana jan layi a kan sunansa. Da aka miƙo takardar sakamako Malam Yusha'u ya sa hannu a ƙasan sunan Khalid, hannun bai ko girgiza ba, abin da ya fi ba shi haushi ke nan.

* * *

Baƙin za su kwana a Goronyo, sai suka rage wa Malam Yusha'u hanya. Yana gaba kusa da direba, sanyin motar na ratsa shi amma gumi bai daina ba. Sun yi nisa da Wurno, ba gari gaba ba gari baya, motar ta yi shessheka sau biyu ta mutu. Direba ya murɗa makulli, shiru. Ya fita ya buɗe gaba, ya tsaya yana kallon injin yana kallon rana, wadda ta riga ta karkata. Motoci biyu suka wuce a guje, babu wadda ta ko rage gudu.

"Bari mu gwada zaɓinmu," Hajiya ta ce, tana ƙoƙarin yin dariya. Ta kira Khalid.

Malam Yusha'u ya sauka. Ya leƙa injin, ya taɓa kan batir, ya gane matsalar tana ƙasa, inda bayansa ba zai bar shi ya shiga ba. Ya zaga motar, ya dawo, ya sake zagawa. Ja'afar sai leƙen daji yake yi.

Ba a yi rabin awa ba suka ji ƙugin babur. Tun daga nesa Malam Yusha'u ya san ƙarar. Lauwali ne, ya cire rigar sallar ya mayar da tsohuwar rigarsa ta aiki. Ya yi sallama ga kowa a jumlace, ya kwance akwatin ya dire a ƙasa.

"Khalid ne ya turo ka?" direba ya tambaya.

"Shi yak kira ni yana roƙo," in ji Lauwali yana shimfiɗa buhu. "Ba don shi niz zaka ba. Hanyar ga ba a barin mutum bisanta."

Hajiya ba ta ji ba, tana can baya tana saita waya. "Ka gani ko, Malam?" ta ce da fara'a. "Minti ashirin da biyar ma'aikacinsa ya iso. Kuma duk da abin da ya faru ɗazu bai kore shi ba. Wannan hoton shi zan sa a farkon rahoto."

Lauwali ya shige ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Can ya miƙo hannu waje. "Waya ce ta kwance. A miƙo min sha biyu."

Direba ya durƙusa yana birkita akwatin. Sifanun duk sun tsufa, lambobinsu sun goge, ya ɗauko wannan ya ajiye, ya ɗauko waccan.

"Ba ita ba," in ji Malam Yusha'u daga inda yake tsaye. "Waccan ta ƙasa, mai tsaga ga wutsiya." Bai san lokacin da ya sunkuya ya zaro ta ba, ya sa ta a tafin da ke jira.

Hannun ya rufe a kan sifanar, ya tsaya haka na ɗan lokaci. Sannan murya ta fito daga ƙarƙashin mota, a hankali, ba wanda ya ji sai shi.

"Ashe idon na gani, Kawu."

Aka ji ƙarar noti yana ɗaurewa. Direba ya murɗa makulli, mota ta tashi.

Lauwali ya naɗe buhunsa, ya ɗaure akwatin, ya ce wa direba zai biyo su a baya har mahaɗar Rimawa ko da za ta sake. Malam Yusha'u ya koma kujerarsa. Baƙin mai ya ɓata masa yatsu, ya goga a farar rigarsa, ya ƙi fita. A madubin gefe yana hango babur ɗin yana bin su, akwatin na leƙowa ta bayan Lauwali, shuɗi, da lotsawarsa ta gefen hagu, da wayar birkin mariƙinsa. Tar yake ganinsa, har babur ɗin ya karya kwana ya bi hanyar gida.