Ganyen da Ba a Faɗar Sunansa a Ɗaki

Tayar baro ta kafe a taɓo, Celina ta tsaya tana haki. A cikin baron kuwa maƙwabciyarta ce, Kaka Asabe, naɗe cikin zane. Ciwo ya cinye ta, amma bakin nan yana nan da kaifinsa.

"Tura mana! A masaƙar Kakuri ba sa ba ku abinci ne?"

"Kaka, da kin faɗa mini sunan ganyen a gida, ai da na nemo."

"Ba a faɗar sunansa a ɗaki. Sai hannu yana kansa."

Haka Kaka ta gada a ƙauyensu, can ƙasar Bajju, kuma duk unguwar Narayi ita kaɗai ta rage da sanin ganyen wankan jegon nan. Ga ƙanwar Celina ta shiga watan haihuwa, ga katafila ta fara share bakin rafi, ga tsohuwa ta daina karɓar ko kunu. Dole ta sa aka aro baron magina.

A bakin rafin, Celina ba ta ga komai ba sai ciyawa. Kaka Asabe, wadda yanar ido ta rufe wa gani tun kafin sojoji su dawo mulki, ta ɗaga hanci ta shaƙi iska.

"Hagu. Ƙara gaba. Tsaya, kar ki taka shi!"

Ta zura hannu cikin ciyawa, babu lalube, ta kamo wani ɗan tsiro mai jan kara. Celina ta durƙusa kusa da ita. Tsohuwar ta ɗora hannun Celina a kan tsiron, ta faɗi sunansa da Jju, yarensu na Bajju. Celina, haihuwar birni, ta maimaita da harshen da Hausa ta riga ta lanƙwasa.

"Kai! Ko akuya ta fi ki. Sake."

Ta yi ta sakewa har tsohuwar ta lumshe ido. "Yawwa. Haka uwata take faɗa. Tono shi da saiwarsa."

Washegari da hantsi, kafin fasto ya iso, Kaka Asabe ta cika.

Ba a jima da jana'iza ba katafila ta baje bakin rafin kaf. A bayan ɗakin Celina, cikin tsohon gwangwanin madara, tsiron ya fitar da sabon ganye. Kowace safiya kafin ta wuce masaƙa, sai ta durƙusa ta ɗora hannu a kansa, leɓɓanta suna motsi.