Sunan da Na'ura Ta Fitar

Rusdiana na cikin goge ƙarar injin kwale-kwale daga wata murya da ta ɗauko a ƙauye, sai Pak Syahrani, wato Malam Syahrani, shugaban sashensu na binciken gane murya, ya turo ƙofa da baƙo a bayansa. Baƙon na sanye da rigar batik mai zane-zane, mai tsada, yana murmushi irin na wanda bai saba jin "a'a" ba.

"Wannan Pak Herman ne, daga kamfanin kwal ɗin da ya saya mana kwamfutocin nan," in ji Pak Syahrani, idonsa a ƙasa. "Ɗan taimako yake so."

Ashe wani ne ya buga wa gidan rediyo waya, ya ɓoye sunansa, ya tona cewa kamfanin na zuba dauɗa a kogi har kifi na mutuwa. Daga ƙauyukan saman kogi kiran ya fito, kuma Pak Herman ya samu labarin cewa muryoyin mutanen yankin na nan a ajiye a wannan ɗakin.

"Pak, alkawari muka yi musu," in ji Rusdiana. "Don na'ura ta koyi harshenmu na Banjar suka ba mu muryarsu, ba don a nemo kowa ba."

"Haba, Ibu, wa ya ce nema?" Pak Herman ya yi dariya, yana kiranta da laƙabin da ake girmama mace da shi. "Gaisawa kawai za mu yi da shi."

Mutumin ƙarshe da kamfanin ya gaisa da shi, kwale-kwalensa kaɗai aka tsinta yana yawo a kogi. Duk birnin Banjarmasin an san haka, har shi Pak Syahrani da ya tsaya yana ta gyara tabaran da babu abin da ya same shi.

Pak Herman ya kunna kiran da aka naɗa. Layin ba kyau, sai shuu yake yi, amma kafin mai maganar ya ce komai ya yi ɗan tari, ya ja numfashi ta hanci. Nan take Rusdiana ta gane shi. Tun tana yarinya take jin tarin nan kullum asuba ta bayan bangon katako. Mahaifinta ne.

Kuma muryarsa na cikin kwamfutar, ita da kanta ta sa ta. Masu wannan aikin duk halinsu ɗaya: kafin su samu mutanen da za su yarda a ɗauke su, da 'yan gida suke farawa. Ranar, Abah, kamar yadda take kiran mahaifin nata, har hularsa ta Juma'a ya sa kamar hoto za a ɗauka, ya kuma kira amininsa Julak Basran, wato Kawu Basran mai fito, wai kada ilimi ya wuce shi.

"Sa wa na'urar muryar mana," in ji Pak Syahrani a hankali.

Ta danna. Na'urar ta shiga gwada muryar da sauran, ita kuwa tana addu'a a zuci, ko wuta ce a ɗauke. Ba a ɗauke ba.

Suna ya fito a allo: Basran.

Daɗi ya lulluɓe ta, daɗi mai ban kunya. Ta san yadda aka yi. Tsofaffin biyu sa'annin juna ne, taba ɗaya suke sha mai kanumfari, a baranda ɗaya ta ɗauke su, ga layin waya ya cinye sauran bambancin. Abah ya tsira. Abin da ya rage mata kawai ta yi shiru.

"Basran," Pak Herman ya maimaita yana ɗaukar hoton allon da wayarsa. "Ina gidansa yake?"

Julak Basran ne ya riƙa tsallaka da ita kogi zuwa makaranta, ran da aka yi ruwa ya kifa mata malafarsa a ka. Yanzu jikokinsa marayu yake riƙo, babu mai nemo musu sai shi.

"Ba shi ba ne," in ji ta.

Maganar ta fito da ƙarfi, babu ko ɗigon shakka a cikinta, kuma ita ma ta ji hakan. Ta yi sauri ta ƙara da cewa layin ne ba kyau, na'ura takan yi kuskure, amma ta makara.

Pak Herman ya mayar da wayar aljihu. Ya jawo kujera ya zauna daf da ita, ya juya wa kwamfutar baya.

"To, Ibu," ya ce a tausashe, "ke ta yaya kika san ba shi ba ne?"